Tambayoyi da Amsoshi Kan Tara Kayan Igwa na Yaƙe-yaƙen Zamanin Turawa

A zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya akwai wani kwanson harsashin igwa na tagulla wanda kakana ya dawo da shi daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara da shekaru ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, domin a cikinsa ake ajiye alƙaluman rubutun allo. Ranar da na kife shi na ga haruffa da lambobi a gindinsa, har da shekarar 1942, ita ce ranar da na shiga wannan harka. Tun daga lokacin ɗalibai da maƙwabta da abokan arziki suke zuwa mini da tambayoyi, wasu ma da ƙarafa a cikin buhu. Waɗanda aka fi maimaitawa su ne na tattara a nan.

Me ake nufi da kayan igwa, kuma mene ne mutane suke tarawa?

Igwa ita ce babbar bindigar da ake girkewa a ƙasa ko a kan ƙafafun taya, wadda wasu ke kira madafa. Ita kanta igwar ba abin da mutum zai ajiye a gida ba ce, kuma kaɗan ne suka rage. Abin da ya fi yawo a hannun jama'a shi ne kwanson tagulla da ake fitarwa bayan an harba, da tarwatsattsun gutsattsarin ƙarfen harsashi, da ƙananan duwatsun darma da ake cusawa a cikin wani nau'in harsashi domin su watsu a kan mutane, sai akwatunan albarushi, da maɓallan rigunan sojan igwa, da hotuna da takardu. Masu zurfafawa sukan haɗa da kwansunan bindiga mai ruwa, wato bindiga mai sarrafa kanta da ake sanyaya bututunta da ruwa, ko da yake ita ba igwa ba ce, saboda kusan duk inda aka kai ɗaya an kai ɗayar.

Wace irin igwa Turawa suka ci ƙasar Hausa da ita?

Akwai zamani biyu da ya kamata a bambanta. A 1897, lokacin da sojojin kamfanin Neja suka yaƙi Bida da Ilori, sun yi amfani da ƙananan igwogi masu harsashi mai nauyin laba 7 waɗanda ake ɗurawa ta baki, da kuma manya ƙirar Whitworth. Bayan Gwamna Lugga (Lugard) ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, sai rundunar sojan Afirka ta Yamma ta koma ga igwar dutse ƙirar Vickers-Maxim mai faɗin baki milimita 75, wadda ake ɗura ta ta baya, harsashinta kuma yana zuwa a haɗe da kwanson tagulla. An ƙera ta ne domin a riƙa kwance ta gunduwa-gunduwa a ɗora wa alfadarai, amma a nan ƙasar 'yan dako ne suke ɗaukar ta a ka, su yi tafiyar kwanaki da ita cikin rana, idan an iso wurin faɗa a harhaɗa ta cikin ɗan lokaci.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai tarawa. Igwar da ake ɗurawa ta baki ba ta barin kwanso, domin albarushinta a cikin jakar ƙyalle yake zuwa. Saboda haka duk wanda ya kawo maka kwanson tagulla ya ce na wannan ƙaramar igwa ce mai laba 7, ko dai ya jahilci abin da ke hannunsa ko kuma yana neman kuɗinka.

Malam, Allah ya gafarta maka, an sayar mini da wani ƙarfe aka ce daga yaƙin da Turawa suka ci Zariya ne. Gaskiya ne?

Ɗan'uwa, ba a yi wannan yaƙin ba. Turawa sun shigo Zariya a 1902 ba tare da sun fasa ganuwa ba, a lokacin da Sarkin Zazzau Kwasau yake fama da hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse. Sun kafa sansani, aka ajiye Kyaftin Abadie wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Jimina a matsayin Razdan, ba a daɗe ba kuma suka juya wa Kwasau baya, suka tuɓe shi, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Ba a yi ruwan igwa a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ba.

Amma Zariya tana da nata matsayi a wannan tarihi, kuma ba ƙarami ba ne. Bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba 1902 ya tsere zuwa Kano, a Zariya aka tara rundunar da za ta tafi yaƙin Kano. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga nan da sojoji baƙar fata sama da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Sun fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, alhali Sarki Alu yana ƙasar Sakkwato. Daga nan aka wuce Sakkwato, aka gwabza a filin Giginya ranar 15 ga Maris, aka ƙarasa a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Bayan haka Zariya ta zama garin soja. An kafa makarantar horar da ƙurata a 1924, aka buɗe makarantar yaran soja a 1954, ga Jaji a kusa. Sojojin da suka je Kamaru a Yaƙin Duniya na Farko, inda aka ci Garwa a 1915 da Mora a 1916, da waɗanda suka je Bama a na biyu, da yawansu a Sabon Gari da Tudun Wada suka yi ritaya. Ke nan mafi yawan kwansunan da ke gidajen Zariya tsarabar 'yan mazan jiya ce ko ragowar atisaye. Su ma tarihi ne mai daraja, kuma ba su buƙatar a yi musu ƙaryar asali.

Su sarakunanmu ba su da igwa ne?

Wasu suna da ita, amma 'yan ƙalilan. Lamiɗo Zubairu na Adamawa yana da igwa biyu da wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya ba shi, kuma an harba su a kan Turawan Ingila lokacin da suka auka wa Yola a watan Satumba 1901. Rabe, wanda ya ci ƙasar Barno da yaƙi, shi ma yana da igwogi kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a 1900. A ƙasar Hausa kuwa ƙarfin yaƙi yana ga doki da lifidi da sulke, da 'yan baka, da 'yan bindigar toka, da kuma ganuwa. Ganuwar ta yi rawar gani fiye da yadda ake zato, domin harsashin igwa yakan nutse a cikin kaurin badalar Kano ba tare da ya rushe ta ba, shi ya sa Turawa suka mai da hankali ga ƙofofi.

Na tsinci wani dogon ƙarfe mai tsini a gona, yana da zoben jan ƙarfe a kusa da gindinsa. Me zan yi?

Kada ka taɓa shi. Idan ka riga ka ɗauka, ajiye shi a hankali inda kake, kada ka jefar, kada ka kai shi gida. Ka yi wa wurin alama da duwatsu ko ƙaya daga nesa, ka hana yara da makiyaya kusantarsa, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai maganar ga 'yan sanda, waɗanda suke da sashe na musamman mai kwance bama-bamai, ko kuma ga barikin soja mafi kusa. Wannan ita ce amsa mafi muhimmanci a duk wannan shafi.

Abin da ka kwatanta harsashi ne, ba kwanso ba, kuma bambancinsu shi ne bambancin rai da mutuwa. Kwanso fanko ne, bakinsa a buɗe, kana iya leƙa cikinsa har gindi. Harsashi kuwa a rufe yake, yana da nauyi, kuma a cikinsa abin fashewa yake. Wannan zoben jan ƙarfe shi ne yake kama layukan da ke cikin bututun igwa. Idan ka hango zane-zane a jikinsa, an harba shi ke nan ya faɗi bai tashi ba, irin wannan kuwa ya fi kowane hatsari, domin abin da ke tayar da shi ya riga ya motsa, jira kawai yake a girgiza shi.

Ina roƙon 'yan gwangwan da maƙera da masu gini da su isar da wannan magana ga yaransu. Ana samun mai sare zoben jan ƙarfen da kurfi domin ya sayar a kan sikeli, ko mai jefa ƙarfen a wuta don ya narke. Kuɗin da ke jikin zoben ba su kai na cefanen yini ɗaya ba.

Abin da ya shekara ɗari a cikin ƙasa, ai ya mutu?

Bai mutu ba. Baƙin albarushin da ke kulle a cikin ƙarfe, inda ruwa bai shiga ba, yana iya kama wuta bayan fiye da ƙarni guda. Wasu sinadaran fashewa da aka yi amfani da su a wancan zamani kuma, idan suka daɗe suna haɗuwa da ƙarfe, sukan haifar da wani gishiri wanda ɗan bugu kaɗan yake tayar da shi. Har yanzu manoma a Faransa da Beljiyam suna tono harsasan yaƙin 1914 zuwa 1918, sojoji na musamman ne suke kwashewa, kuma ana rasa rayuka a kai. Tsufa yana ƙara wa harsashi saurin fushi ne.

Me doka ta ce?

Dokoki biyu ne suka shafe mu. Dokar makamai ta 1959 ta sanya igwa da bama-bamai da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta a jerin makaman da aka haramta wa kowa mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan makami bai fitar da shi daga wannan jeri ba. Bindigar toka irin ta 'yan bindigar hawan salla ma tana da nata lasisin daga 'yan sanda. Ta biyu ita ce dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana haƙa domin neman kayan tarihi ba tare da izini ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje sai da takarda.

Ban da doka akwai halin da ake ciki. A yanayin tsaron jihar Kaduna, mutumin da aka samu da kwansunan harsashi a cikin jaka a shingen bincike zai sha tambaya kafin a saurari bayaninsa na tarihi. Shawarata ita ce ka nuna wa gidan tarihi duk abin da kake da shi, a ɗauki hotonsa a rubuta, ka riƙe takardar shaida, kuma kada ka yi yawo da shi sai da dalili.

Yaya ake karanta rubutun da ke gindin kwanso?

A nan daɗin harkar yake. Ka kife kwanson a kan tabarma, ka haska fitila daga gefe, ba daga sama ba, domin inuwa ce take fito da rubutun da ya shafe. Da farko ka nemi alamar da ta yi kama da sawun kaza, layuka uku da suka haɗu a tsini ɗaya. Ita ce tambarin kayan gwamnatin Ingila. Sannan ka nemi girman igwar: 18 PR ko 25 PR suna nufin nauyin harsashin da laba, kuma 25 PR ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ce, ba za ta taɓa zama ta yaƙin Kano ba. Za ka ga shekarar ƙira, da haruffan masana'anta, misali RL na ma'aikatar makamai ta gwamnati da ke Woolwich a Landan. Haruffan CF suna nuna an cika shi da cikakken awo na albarushi marar hayaƙi, kuma da yake ana mayar da kwanso masana'anta a sake cika shi, wani lokaci za ka ga an ƙara alama a duk cikawa. Ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin yana da tasa shekarar daban. Idan akwai lotsawa a tsakiyarsa an harba shi. Idan babu, ka ɗauka yana da rai, ka nemi masana su duba.

A kula da abu ɗaya: shekarar da ke jikin kwanso ta ƙira ce, ba ta harbi ba. Kwanson da aka ƙera a 1901 yana iya zama an harba shi a Kano a 1903, ko a Satiru da ke kusa da Sakkwato ko Haɗeja a 1906, ko kuma a filin atisaye bayan shekara goma. Tagulla ba ta faɗin inda ta je. Mutanen da suka riƙe ta ne suke faɗi.

Dunƙulallen ƙarfe mai kama da ƙwallo fa, dutsen igwa ne?

Da wuya. A 1903 Turawa sun daɗe da barin harsashi mai siffar ƙwallo. Yawancin waɗanda ake kawo mini ƙwallayen injin niƙa dutse ne na masana'antu, ko ƙarfen da 'yan makaranta suke jifa a wasannin motsa jiki.

Yaya zan tsabtace abin da na gada?

Kaɗan ya isa, kuma barin shi ya fi ɓata shi. Mutanenmu suna son tagulla tana ƙyalli, sai a sa lemun tsami da toka, ko tsamiya, ko a dirje da yashi. Wannan yana cinye rubutun gindi, yana kuma kankare duhun da shekaru suka shafa masa, wanda shi ne kariyarsa kuma shi ne shaidar tsufansa. Na taɓa ganin wani kwanso da aka kai wa mai wankin ƙarfe ya goge shi da inji, ya dawo yana walƙiya, amma shekarar da ke gindinsa ta tafi har abada, kuma har yau ina jin zafin abin. Busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar. Idan ka ga wani kore-kore mai kama da gari yana tsatsafowa, wannan cuta ce da gishiri da laima suke haddasawa, sai ka ware shi daga sauran ka nemi ma'aikatan gidan tarihi.

Baƙin ƙarfe kuwa babban abokin gabarsa damina ce. Ka kakkaɓe tsatsar sama da buroshi, ka shafa kakin zuma kaɗan, ka ɗora shi a kan katako, kada ya kwanta a daɓe ko siminti. Kada a shafa baƙin mai, kada a yi masa fenti. Kada kuma a rubuta komai a jikinsa. Ka ɗaura masa 'yar takarda da zare, mai lamba, lambar kuma ta dace da shafi a littafinka inda ka rubuta wanda ya ba ka, da inda ya samu, da ranar, da duk abin da ya ji daga iyayensa, ko da kana shakkar labarin.

Zan iya zuwa Burmi ko Satiru in haƙa da kaina?

A'a. Doka ta hana, kuma ko da ba ta hana ba, waɗannan wurare makwantan bayin Allah ne. A Satiru an kashe kimanin mutum 2,000 a watan Maris 1906, aka rushe garin aka hana sake zama a cikinsa. Ba wurin da za a shiga da diga da shebur ba ne domin neman abin ado. Ta fuskar ilimi ma asara ce, saboda masu binciken kufai suna auna inda kowane gutsure ya faɗi domin su gane inda aka girke igwa da inda mutane suka tsaya, kuma da zarar an ɗauke shi ba a rubuta ba, wannan shaida ta shafe. Mai sha'awar irin wannan aiki ya tuntuɓi sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Baba, ni ban gane ba. Da waɗannan abubuwa aka kashe kakanninmu. Don me za mu adana su?

Ɗana, wannan tambaya ta fi sauran nauyi, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta ƙi su ba. Amma ka duba inda tarihin yake a yau. Tutoci da takubba da sauran ganimar da hafsoshin Turawa suka kwashe suna gidajen tarihi da gidajen jikokinsu a Ingila, kuma rahotannin da suka rubuta suna lissafa harsashi nawa aka harba, suna ambaton Baturen da ya ji rauni da sunansa, mu kuwa sai a ce an kashe kimanin kaza. Gutsuren ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar badala yana cikin 'yan shaidun da suka rage a hannunmu. Idan na ɗora shi a tafin hannun yaro, ya ji nauyinsa da kaifinsa, na ce masa da baka da kibiya da takobi kakanninsa suka fuskanci wannan, yakan yi shiru irin wanda karatun aji bai taɓa sa shi ba, ya daina tambayar da yara suke yi cewa me ya sa aka ci mu da sauri.

Akwai kuma wani ɓangare mai ɗaci da bai kamata a ɓoye ba. Hannayen da suka ɗauki igwar a ka, da waɗanda suka ɗura ta, yawancinsu na Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa. Jikokin wanda ya harba da na wanda aka harba suna zaune a unguwa ɗaya, suna salla a sahu ɗaya, wasu ma sun yi auratayya. Kakana da ya je Bama a ƙarƙashin tutar Ingila, kakansa yana cikin waɗanda suka ga shigowar Turawa. Kwanson da ke zaurenmu yana ɗauke da wannan duka, shi ya sa ba na goge shi don ado, ba na kuma ajiye shi ba tare da littafinsa ba.

Nawa ake sayar da su?

Ba na sa wa waɗannan kaya farashi, kuma ba na haɗa kowa da dillali. Duk lokacin da kuɗi suka shigo, ƙaryar asali takan biyo baya, masu haƙa ma su biyo.

Daga ina zan fara?

Daga gidanku. Ka tambayi tsofaffi ko akwai wanda ya yi soja, ka duba tsohuwar adaka, ka duba abin da ake tokare ƙofa da shi ko ake kaɗawa a matsayin ƙararrawa, domin kwansuna da yawa nan suka ƙare. Ka ɗauki muryar mai ba da labari a waya tun yana raye, ka tambaye shi sunan bataliya da garuruwan da aka bi da shekarar dawowa. Bayan haka ka shiga mota zuwa Kaduna, inda Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa take riƙe da fayilolin lardin Zazzau, ga Gidan Arewa, ga gidan tarihi na ƙasa. A Kano ka ziyarci Gidan Makama, sannan ka je ka tsaya a Ƙofar Kabuga. Wanda ya samu hali ya kai Umuahia a jihar Abiya zai ga gidan tarihin yaƙi na ƙasa, inda manyan bindigogi suke girke a fili. Ka tafi da littafi da abin awo, ka auna faɗin bakin kwansonka kafin ka bar gida, domin ma'aikatan za su fara tambayarka wannan.